Na biya kuɗin shiga fili a farashin mamba, yanzu sun ce katina zai mutu kafin ranar

Baban Khalil (Leicester)
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin nan ya tsaya min a rai tun daren jiya. Bara, ranar 12 ga Afrilu, na yanki katin wata ƙaramar ƙungiyar masu babura da ke hayar filayen tsere a nan Ingila. Fam 45 ne, na wata goma sha biyu, kuma amfaninsa shi ne duk ranar da za ka shiga fili ana yi maka ragin fam 30. Da suka fitar da jadawalin bana a watan Fabrairu, sai na yi maza na kama gurbi a filin tsere na Cadwell Park na ranar 21 ga Mayu. Na biya fam 159 maimakon 189, shafin ya karɓa, rasit yana hannuna. Jiya sai ga imel daga sakatare, wai katina zai ƙare kafin ranar, saboda haka ko dai in sabunta shi, ko in yi cikon fam 30, in ba haka ba su maido min kuɗina su ba wani gurbin. To ni bana rana ɗaya tak zan iya shiga fili, an yi mana haihuwa, hidima ta ƙaru. Ranar da na biya ni cikakken mamba ne. Shin suna da gaskiya?

Mai Ninja (Luton)
Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya raya. Ba su da gaskiya ko ta sisin kwabo. Ciniki ya faɗa, an karɓi kuɗi, an ba da rasit, me kuma ya rage? Wace ƙungiya ce, mu ma mu kiyaye?

Shugaban Zaure
Allah Ya raya mana, Baban Khalil. Amma don Allah kada a ambaci sunan ƙungiyar ko na sakataren a nan. Ɓangare ɗaya muka ji. A tattauna kan mas'alar kawai.

Alhaji na Bradford
Allah Ya raya abin da aka samu bisa sunna. Baban Khalil, na san ba za ka ji daɗin abin da zan faɗa ba, amma na riƙe ma'ajin irin wannan ƙungiya shekara huɗu, kuma ni da hannuna na taɓa rubuta irin imel ɗin da aka aiko maka. Bari in gaya maka yadda abin yake ta can ciki.

Ƙungiya ba ta da fili. Hayarsa take yi daga masu shi, kuma hayar yini guda dubban fam ce. Tun kafin hunturu ya shiga ake kama ranakun shekara mai zuwa, a ajiye kafin alƙalami, alhali ba a sayar da gurbi ko ɗaya ba. Bayan kuɗin fili akwai motar asibiti da ma'aikatanta, da masu kaɗa tuta a kowace kwana, da inshorar taron. Sannan kowane fili yana da adadin baburan da aka yarda su hau kwalta a lokaci guda. Masu hawa rukuni uku ne, ba za ka iya ƙara na huɗu ba don kuɗi bai ishe ka ba. Wato abin da zai shigo yana da iyaka, abin da zai fita kuma an riga an yanke shi. Sau da yawa guraben ƙarshe goma ko sha biyu su ne tsakanin a tashi lafiya da a tashi da bashi. In aka yi hasashen ruwan sama a makon, waɗannan guraben ba sa sayuwa.

To ina ake samun kafin alƙalamin? Daga kuɗin kati. Ragin fam 30 ɗin nan ba kyauta ba ce, sakayya ce ga wanda ya taimaka aka kama filin. Ranar 21 ga Mayu ta bana ce, kuɗin katinka kuwa na bara ne, an riga an kashe shi a kan ranakun bara.

Mai Ninja (Luton)
Alhaji, da girmanka, amma akwai abin da ka tsallake. Fam 159 ɗinsa yana asusunsu tun Fabrairu. Wata uku cur suna juya kuɗin mutum kafin ya ko taɓa kwalta. Wannan ba taimako ba ne? Wanda ya zo ana gobe ya biya 189 bai ɗauke musu fargabar komai ba. Shi da ya biya da wuri shi ya kamata a gode wa.

Alhaji na Bradford
Wannan maganar taka gaskiya ce, ɗana, ban musa ba. Biya da wuri yana da daraja, shi ya sa wasu masu shirya ranakun fili suke da ragi na daban ga wanda ya riga. Amma ka ji abin da ya same mu. Mu katinmu 31 ga Disamba yake ƙarewa, ga kowa. Wata shekara muka yi hanzari muka saki jadawali a farkon Disamba. Cikin mako biyu mutane suka yi ca, wannan ya kama rana biyar, wancan shida, duk a farashin mamba, da katin da ya rage masa kwana ashirin. Muka yi ta murna. Janairu ya zo, shiru, ba mai sabuntawa, don me zai sabunta tunda ya riga ya kwashe amfanin shekarar gaba ɗaya? Wanda ya kama rana shida ya ci ragin sau shida da katin da bai shafi shekarar ba. Waɗanda suka sabunta bisa amana su suka ɗauki nauyin sauran. Kafin kaka ta zo sai da muka soke rana ɗaya, kuma kafin alƙalamin da muka ajiye a kanta ya tafi. Tun daga nan muka sa doka: katinka ya kasance da rai ranar da za ka hau, ba ranar da ka biya ba.

Baban Khalil (Leicester)
Na fahimce ka Alhaji, kuma wallahi ban yi don in ci bulus ba. Rana ɗaya ce. Da shafin ya ce min "katinka zai ƙare kafin wannan rana", da tun a lokacin na san abin yi. Abin da ya ɓata min rai shi ne a karɓa a yi shiru, sai bayan mako shida a ce in ƙaro.

Ɗan Fagge (Kano)
Salamu alaikum manya. Ni daga gida nake bin ku, ku yi min afuwa. Wai mutum da mashin ɗinsa da mansa, sai ya biya sama da fam ɗari da hamsin don ya hau na yini ɗaya? Gasa ce, akwai kyautar da ake ci?

Baban Khalil (Leicester)
Ɗan Fagge barka. Ba gasa ba ce, ba a cin komai, hasali ma ba a yarda a riƙa ɗaukar lokaci a hukumance ba, saboda sharaɗin inshora. A nan iyakar gudu a babbar hanya mil 70 ne a awa, ga kyamarori ko'ina, alhali babur ɗin da ke ƙarƙashinka zai iya ninka wannan. Fili shi ne inda za ka koyi abin da babur ɗinka zai iya ba tare da mota ta ɓullo maka daga gaba ba. Kowa hanya ɗaya yake bi, ba mahaɗa, ba mai tsallaka titi. Ana raba mutane uku: 'yan koyo, matsakaita, da gwanaye. Kowane rukuni ya shiga minti 20, ya fito ya huta minti 40, haka har yamma, ka samu kamar shiga shida ko bakwai. Da safe akwai bayani na dole kan tutoci, sannan a auna ƙarar salansa, sannan malami ya ja ku zagayen farko a hankali. Dole hular kwano mai inganci, da kayan fata na sama da ƙasa a haɗe, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu.

Cadwell kuwa, sai ka gani. Yana Lincolnshire kusa da garin Louth, tsawonsa mil 2 da 'yan kai, siriri ne, hawa da gangara cikin itatuwa. Akwai wani tudu da ake kira Mountain inda manyan 'yan tsere ke tashi sama da tayoyi biyu. Shekara biyu ina burinsa, shi ya sa ba na son in rasa gurbin.

Ɗan Fagge (Kano)
Ikon Allah. Na gode. To ai in haka ne, a nawa ganin kamar katin ƙungiyar tasha ne. In ya mutu, ranar da ka zo lodi ake tambayarka, ba ranar da ka sa suna a layi ba.

Ɗan Damagaram (Faris)
Sannunku da hira. Mu nan Faransa abin ya fi kama da yadda Ɗan Fagge ya ce. Hukumar wasan babura ta ƙasa, FFM, lasisinta na shekara ne, wanda ba ya son na shekara kuma yana iya yankar takardar yini guda da suke kira Pass Circuit, saboda inshora. Ina zuwa filin Carole da ke gefen Faris, kusa da filin jirgin Charles de Gaulle. An buɗe shi a 1979, don a raba matasa da tseren da suke yi a titunan kasuwar Rungis, kudu da Faris, inda aka yi ta asarar rayuka, kuma sunan wata yarinya da ta rasu a can aka sa masa. A bakin shiga takardar yau ake dubawa. Ba wanda zai saurare ka in ka ce ai lokacin da na yi rajista tana da rai. In ka faɗi yau, inshorar yau ce za ta yi magana.

Anti Lauya (Manchester)
Ina karanta ku tun ɗazu daga ofis. Allah Ya raya, Baban Khalil, a gaida mai jego. Ina ganin an haɗa abu biyu wuri ɗaya, shi ya sa maganar ta ƙi warwaruwa.

Na farko, izinin hawa. Wannan ba gardama, ranar hawa ake dubawa. A Ingila ma sai ka nuna cikakken lasisin tuƙin babur ko lasisin tsere na ACU, hukumar wasan babura ta nan, kafin a sa maka abin hannu na shaidar shiga, kuma in ya mutu jiya, yau ba ka hawa, ko da tun bara ka biya. In inshorar ƙungiya ta ce mambobi kaɗai ta rufe, nan ma haka ne. Abin da Ɗan Damagaram ya kawo a wannan ɓangaren yake.

Na biyu, farashi. Shi kuma ranar ciniki ake yanke shi, sai fa in an gindaya sharaɗi tun farko. Kuma wannan ƙungiyar tana karɓar waɗanda ba mambobi ba a kan 189, wato ba izinin hawa ne matsalar ba, kuɗi ne kawai.

Ta fuskar doka, Consumer Rights Act ta 2015, sashe na 69, ta ce in sharaɗi a yarjejeniya tsakanin ɗan kasuwa da mai saye yana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, ana ɗaukar wadda ta fi amfanar mai saye. In shafin ya ce "farashin mamba" kawai ya yi shiru, wannan yana gefenka. Amma kada ka yi saurin murna. In ƙungiyar ta mambobi ce zalla, wadda 'yan sa-kai ke gudanarwa, to dokokinta su ne yarjejeniyar da ke tsakaninku, kuma ka amince da su ranar da ka shiga. Je ka nemo takardar dokokin da suka aiko maka bara ka karanta. Sannan ka sani, damar nan ta kwana 14 ta fasa cinikin intanet ba ta shafi nishaɗin da aka sa wa takamaimiyar rana ba, don haka in kai ka fasa don fushi, abin da sharuɗɗansu suka ce shi za a bi. Wannan bayani ne na gaba ɗaya, ban ga takardunka ba.

Baban Khalil (Leicester)
Na gode Anti. Bari in duba tsofaffin saƙonni.

Na samo. Shafi bakwai ce. A shafi na biyar akwai layi ɗaya: ragi na mambobin da ba a bin su kuɗin kati "a lokacin taron" ne. Wallahi ban taɓa karanta ta ba sai yau. Amma na sake duba shafin biyan kuɗi da rasit ɗin, babu wannan maganar ko kaɗan.

Mai Ninja (Luton)
Shafi na biyar! Wa yake karanta shafi na biyar?

Alhaji na Bradford
Wanda ya sa hannu, ɗana. Amma ban ce ƙungiyar ta kyauta ba.

Ustaz (Birmingham)
Bismillah. Tunda an tambaye ni ta gefe, ga ɗan abin da na sani. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida, ya ku waɗanda suka yi imani ku cika alkawura. Kuma ya zo a hadisi cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wannan ya hau kan kowa, ba ɓangare ɗaya ba. Baban Khalil ya karɓi dokokin ƙungiya da ya shiga, rashin karantawa ba ya ɗauke masa su. Su kuma sun faɗi farashi, sun karɓa, sun ba da shaida, wannan ma alkawari ne.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa abin da aka saba da shi a al'ada yana zama kamar sharaɗin da aka furta. Alhaji zai iya cewa ai duk tsohon ɗan fili ya san haka ake yi. Sai dai al'ada tana zama hujja ne in ta yaɗu har ana sa ran duka ɓangarorin sun san ta, kuma daga wannan zauren ma mun ga ba kowa ya sani ba. A nawa fahimtar, ba zalunci ba ne su nemi cikon, tunda a rubuce yake, amma mai sayarwa shi ya fi cancanta ya bayyana sharaɗi a wurin ciniki, ba ya bar shi a takardar bara ba. Sulhu ya fi. Allah ne mafi sani.

Injiniya (Reading)
Ni ɓangaren da ya fi damuna ke nan, don aikina ke nan. Na'urar da ta karɓi kuɗinsa ta san ranar da katinsa zai ƙare, ai da shi ta gane mamba ne. Ta kuma san ranar taron. Ranaku biyu ne a gabanta, gwada su kawai za ta yi. Abin da aka tsara mata shi ne ta tambayi "yau mamba ne?", maimakon "ranar 21 ga Mayu mamba ne?". Gyaran bai kai aikin rabin yini ba. Da an yi shi, da tun a Fabrairu an nuna masa: katinka zai ƙare 12 ga Afrilu, ka haɗa da sabuntawa ka biya 204, ko ka biya 189. Ba imel, ba ɓacin rai. Sakataren ma yana wahalar da kansa, don na tabbata da hannu ya bi jerin sunaye ɗaya bayan ɗaya ya gano su.

Alhaji na Bradford
Injiniya ka taɓo inda yake min ciwo. Mu ma da hannu muke yi, ni da wani dattijo Bature, a teburin kicin ɗinsa, bayan kowa ya tashi daga aiki. Ba mai biyan mu ko kwabo. Ba wai ina neman uzuri ba ne, amma ku riƙa tunawa cewa mai aiko imel ɗin nan wataƙila direban bas ne ko makanike da ya dawo gida a gajiye. Irinku masu ilimin na'ura ba kwa zuwa taron shekara, sai mu tsofaffi.

Injiniya (Reading)
Na karɓi wannan, Alhaji. Gaskiya ce.

Maman Sadiq (Sheffield)
Ni ba na hawa, maigidana ke hawa, amma ni ke riƙe lissafin gida, don haka bari in yi muku nawa. Baban Khalil, bambancin da ke gabanka fam 15 ne kacal: ciko 30, sabuntawa 45. In akwai ko da ƙaramar yiwuwar za ka sake shiga fili sau ɗaya kafin Afrilun baɗi, sabuntawa ta fi, don rana biyu ragin 60 ne a kan 45. In ka tabbata ɗaya ce, yi ciko ka huta. Kuma tunda naku wata goma sha biyu ne daga ranar biya, tambaye su ko sabon katin zai fara daga 12 ga Afrilu ne ko daga ranar da ka biya. In daga ranar biya ne, ka jinkirta zuwa tsakiyar Mayu, sai ya kai ka har Mayun baɗi, ka ci farkon kakar hawa biyu da kati ɗaya.

Mu abin da ya ci mu daban ne. Maigidana ya shiga wata ƙungiya a Satumba, ya biya kuɗin shekara cif, ashe nasu 31 ga Disamba yake mutuwa. A Ingila kuwa daga ƙarshen Oktoba sanyi da ruwa sun kori yawancin mutane daga fili sai Maris. Rana ɗaya ya mora. Ni a wurina wannan tsarin ya fi na su Baban Khalil cutarwa ga sabon shiga.

Alhaji na Bradford
Hajiya, kowane tsari da inda yake cizo. Na ƙarshen shekara ya fi wa ma'aji sauƙi, kuɗi na shigowa lokaci guda a daidai sanda ake bukatarsa, kuma ya yi daidai da lasisin ACU da shi ma shekarar kalanda yake bi. 'Yan tsere sun saba da haka, tunda sai kana cikin ƙungiya mai rajista da ACU kake samun lasisin tseren kwalta, sai ka sabunta su tare. Amma yana cutar wanda ya shigo a makare. Maganin da muka yi shi ne duk wanda ya shiga daga 1 ga Satumba, katinsa ya zarce har ƙarshen shekara mai zuwa. Na wata goma sha biyu kuma ya fi adalci ga mai shiga, sai dai kowa da ranar mutuwar katinsa, kuma dole wasu su faɗo tsakiyar kaka kamar na Baban Khalil.

Sarkin Kwana (Landan)
Ku ƙara da tafiyar hunturu. Masu zuwa Sifaniya da Fotugal, filaye irin su Cartagena, Almeria, Jerez ko Portimao, a Oktoba ko Nuwamba ake biya, a loda babura a babbar mota, a hau a Janairu ko Fabrairu. Duk wanda katinsa ke bin kalanda, biyansa a shekara ɗaya yake, hawansa a wata. Kuma can kwana uku ne ko huɗu, ragin ya fi tsoka. Ni kafin in tura ko fam ɗaya sai na rubuta na tambaya, wane farashi ne nawa in katina ya ƙare a tsakani, in ajiye amsar.

Akwai kuma ta canjin rana. Wata shekara ranar da na kama a filin Snetterton ta faɗo daidai da Babbar Sallah, ban lura ba sai da wata ya kama. Na roƙa suka mayar min wata rana a gaba, amma ta faɗa bayan katina ya ƙare, suka ce in yi ciko. Ban ja ba, don ni na nemi canji.

Ustaz (Birmingham)
Wannan a fili take, Sarkin Kwana. Ka warware ciniki na farko ka ƙulla sabo, sabon kuma da sharaɗin lokacinsa yake tafiya. Ta Baban Khalil ta bambanta, shi bai canza komai ba.

Mai Ninja (Luton)
To ni dai har yanzu ban gamsu ba. Kowa na cewa ƙungiya ba ta kyauta ba, amma kowa na cewa ya biya. In kullum mai gaskiya ne zai yi haƙuri, yaushe za su gyara? Ni da ni ne, sai in ce su maido min kuɗina in tafi wurin manyan kamfanonin da ba ruwansu da kati. Masu filin ma da kansu suna sayar da ranaku, kamfanin MSV ne ke da Cadwell da Brands Hatch da Oulton Park da Snetterton, ka shiga shafinsu ka biya ka hau.

Baban Khalil (Leicester)
Ƙanena, na yi wannan tunanin jiya da zafin rai. Amma a wannan ƙungiyar na fara. Ranar farko da na shiga fili hannuna rawa yake yi, wani malaminsu ya bi ni zagaye bayan zagaye, ya nuna min inda zan kalla a kwana, ya hana ni matse birki a tsakiyarta, bai karɓi komai ba. Da azahar suka ba ni wuri a bayan tantinsu na yi salla, wani ma ya tsaya ya tsare min kayana. Ba na son in bar su saboda fam 30. Abin da nake so a gyara ne.

Anti Lauya (Manchester)
To rubuta musu haka. Gajere, ba zafi. Ka ce ka ga layin da ke shafi na biyar kuma ka yarda yana nan. Ka haɗa hoton shafin biya da rasit, ka nuna ba a faɗi sharaɗin a can ba. Ka nemi abu biyu: su bar waɗanda suka riga suka biya a kan farashinsu na wannan karon, kuma su sa gargaɗin a shafin biya daga yanzu. Ka aika wa kwamiti gaba ɗaya, ba sakatare kaɗai ba, don kada ya ji kamar shi ake tuhuma.

Injiniya (Reading)
Ka ƙara da cewa akwai wanda zai duba musu shafin kyauta in suna so. Da gaske nake. Maganar Alhaji ta shige ni.

Baban Khalil (Leicester)
Na aika yanzu. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Baban Khalil (Leicester)
Salam. Kwana tara ke nan, ga amsa ta zo bayan kwamiti ya zauna. Mu bakwai ne abin ya shafa. Sun ce wanda ya kama rana ɗaya ko biyu kafin a aiko imel, an bar masa a yadda ya biya. Wanda ya kama fiye da haka sai ya sabunta, kuma mutum biyu ne a wannan sahun. Sun sa layin gargaɗi a shafin biya tun shekaranjiya, na duba na gani. Injiniya, shugaban ya ce in ba shi lambarka in ka amince, na turo maka saƙo ta gefe.

Maman Sadiq, na yi tambayarki. In an sabunta cikin wata guda da ƙarewa, daga tsohuwar ranar yake ci gaba, in an wuce haka daga ranar biya yake farawa. Zan bari sai na ga yadda hidimar gida ta kasance zuwa Yuli.

Mai Ninja (Luton)
Su biyun nan fa? Su ma ai ba a gaya musu a shafin biya ba. Ni ban ga bambanci ba, sharaɗi ɗaya ne, kuskure ɗaya ne.

Alhaji na Bradford
Bambancin shi ne mai rana huɗu sabuntawa riba ce gare shi, 45 a kan ragin 120. Amma a ƙa'ida maganarka tana da ƙarfi, ban da amsar da ta wuce wannan.

Baban Khalil, tunda Cadwell ce ta farko gare ka, ka auna salansarka tun a gida, kada ka yi tafiyar awa biyu a mayar da kai a wurin gwajin ƙara. Ka tafi da abin toshe ta ko da ba ka bukata. Kuma ka sa kanka a rukunin da ke ƙasa da wanda ka saba, filin siriri ne, kwanonin cikin itatuwa ba ka ganin ƙarshensu sai ka shiga. Inshorarka ta titi ba ta rufe fili ba, ka san wannan.

Sarkin Kwana (Landan)
Akwai sauran gurbi a matsakaita ranar 21, yanzu na kama ɗaya. Motata tana ɗaukar babur biyu. Zan taso ranar 20 da yamma in biyo ta Leicester in ɗauke ka, mu kwana a Louth, don da sassafe ake fara rajista. Ka zo da jarkar mai, ni ina da ma'aunin iskar taya da tanti.

Baban Khalil (Leicester)
Madalla, Yaya. Zan shirya kafin la'asar in sha Allah. Turo min lambar motar ta gefe, in gaya wa maƙwabcina ya bar mana wurin lodi a ƙofar gida.